Kan Hanya: Ni da Bar-su, daga dabagin Buza zuwa kwarin Majiya

 

A wannan wata hanya za mu bi, ta ƙafa, daga bisa dabagi har cikin kwarin Majiya. Kuma zancen kare za mu yi. Na san akwai wanda zai ce: Malam ya rasa abin rubutawa ne, sai kare? To, a yi mani haƙuri a karanta har ƙarshe. Babu ƙauye guda cikin Adar da ba a jin haushi cikin dare. Muna zaune da kare, yaranmu na wasa da shi, yana tsare mana awaki da rumbu. Amma ba mu son a ambace shi a fada, kuma ba mu son a ce na wane ne, sai ranar da ya yi ɓarna.

Ƙauyen da nike karantarwa yana bisa dabagi, cikin ƙasar Buza. Abokin aikina da ke riƙe da makarantar manya a Garadume ya aiko yana son littattafan lissafi 20 da alli. Ɗan kabu-kabu ba ya bin hanyar awaki, sai ya kewaya dutsi, kuma kuɗin da ya faɗa mani sun fi kuɗin allin. Da ƙafa kuwa, in mutum ya fita bayan sallar asuba bai tsaya hira ba, yana isa kafin azahar. Sai na ɗaura littattafan cikin buhu, na kira Bar-su.

Bar-su kare ne ja, shekarunshi 2, mai dogayen ƙafafu da shafaffen ciki. Ba ni na raɗa mashi suna ba. Tsohon maharbin da ya ba ni shi ne, kuma kun san sunan kare a ƙasarmu habaici ne, ana kiran kare amma da maƙwabci ake. Uwar Bar-su daga zangon Buzaye ta fito, shi ya sa ya ɗauko tsawonsu. Karen Azawak ke nan, na arewa da Tawa. Turawa sun fara kwasarshi zuwa ƙasashensu cikin shekarun 1970, har yanzu kuwa da sunan Azawak sunka san shi can. Abin da na gani wurin Buzaye shi ne ba su barin karensu da yunwa. Abin da sunka sha na nono da hatsi, shi ma yana samun rabonshi. Mu Hausawa sai mu ce kare ya nemi na kanshi a juji, sa'an nan mu yi mamaki in ya zama ɓarawo.

Ga abin da nike ɗauka in zan fita da shi: igiya gaba 3, sanda, gorar ruwa, wani tsohon kwano da babu mai ci a ciki sai shi, ragowar tuwon dare, da takardar allurarshi cikin aljihun riga. Ku riƙe zancen takardar nan, za mu komo kanta.

Munka fita da duhu-duhu, iska na yanka kunne. Wanda bai san dabagi ba, wuri ne shimfiɗaɗɗe kamar faifai, baƙin dutsi da jan tsakuwa ko'ina, sai anza da geza nan da can. Tsofaffi sun ce kafin farin 1973 da na 1984 akwai wuraren da mutum bisa raƙumi ba a hango shi don itace. Yanzu kana hangen jaki tun yana kamar kaza. Amma ba duka ne fako ba. Hanya ta ratsa gonakin da anka yi wa tassa da rabin wata, ga karan hatsi tsaye inda dā ko ƙarangiya ba ta fita. Tassa irin ta yanzu, mai faɗi da zurfi wadda ake zuba wa taki, manoman Illela ne sunka gano ta a Yatenga ta Burkina Faso wajen ƙarshen shekarun 1980, ta bazu daga gona zuwa gona. Jeren duwatsu da ramummukan dashe kuma mutanenmu da yawa a Keita sunka gan su, wurin babban aikin da anka fara a 1984 da taimakon Italiya, wanda mata ne sunka ɗauki mafi yawan duwatsunshi a ka.

Nan bisa fako na sake shi. Kare da ya kwana ɗaure yana son ya miƙe ƙafa. Ya yi gaba, ya komo, ya sake yin gaba. Tafiyar da na yi sau guda shi ya yi ta sau uku. Zomo ya tashi daga gindin anza, sunka zuba, ƙura ta tashi, can ya komo harshe waje babu komi. An ce karen bana shi ke maganin zomon bana, amma zomon dabagi ya san ramummukanshi.

Da rana ta fito munka hangi garken awaki da tumaki, yaro guda na bin su da nashi kare. Nan take na kira Bar-su na sa mashi igiya. Wannan ita ce doka ta fari ga mai tafiya da kare: in ka ga dabbobin mutane, ɗaure naka tun daga nesa, ka yi sallama, ka ba su hanya. Tunkiya mai ciki in ta firgita ta yi gudu bisa duwatsu tana iya ɓari. Ranar nan ba ka da abin cewa gaban maigari, biya za ka yi. Rigingimu nawa ne tsakanin manomi da makiyayi sunka taso daga abin da bai kai wannan ba? Yaron ya riƙe nashi, na riƙe nawa, karnukan sunka yi wa juna gurnani, kowa ya kama gabanshi. Na tambaye shi ko an taɓa yi wa karenshi allura. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Malam, kare ma?"

Ƙauye na fari yana bakin dabagi. Rijiyarsu na da zurfi ƙwarai, mata huɗu ke jan wasaki guda. Na tsaya nesa, na ɗaure Bar-su ga wata aduwa, sa'an nan na matsa na gaishe su. Ba a kai kare bakin rijiya, ko naka ne ko na wa. Wata tsohuwa ta zuba mani ruwa cikin gora, ta ga na juye rabi cikin tsohon kwano na kai mashi. Ta ce, "Ɗan nan, ruwan da munka sha wuya shi za ka ba kare?" Na ce, "Inna, shi ma tun asuba yake tafe, kuma ba ya da bakin roƙo." Ta ce Allah ya ba ni lada, amma in ɗauke shi kafin jikokinta su gan shi. Ba ta rufe baki ba sai ga su da tsakuwa a hannu. Wannan hali na jifan kowane kare da ya gitta, iyaye su hana. Kare da anka jefa shi ne ke cizo, kuma ba babba yake cizo ba, yaron da ke kusa.

Wani zai kawo zancen addini. Ni ba malamin fiƙihu ba ne, amma abin da malamanmu ke karantarwa a fili yake: an yarda a aje kare don tsaron gona, da kiwo, da farauta, kuma ƙwaryar da ya sa baki a wanke ta sau 7. Ban taɓa jin malamin da ya ce a aje shi a hana mashi abinci ba.

Daga nan sai gangare. Hanyar ta bi ta tsakanin manyan duwatsu, tana lanƙwasa kamar igiyar guga, wani wuri sai ka dafa da hannu. Baƙin dutsi ya ƙare, fari ya fara. Irin farin dutsin nan ne ake ƙonawa a yi siminti a Malbaza tun 1966. In ka duƙa ka duba da kyau, za ka ga waɗansu duwatsu masu kamar katantanwa, da waɗansu masu zane kamar tauraro. Yara na wasan dara da su. Masana sun ce halittun ruwa ne sunka zama dutsi, don wai teku ta taɓa rufe Adar shekaru miliyoyi da sunka wuce. Mutum ya tsaya nan da ƙishirwa, gorarshi saura kaɗan, a ce mashi nan teku ce dā! Na tsinci guda 3 don in nuna wa ɗalibai.

A gangare kare na da rana. Kububuwa na son ƙarƙashin dutsi, kuma launinta da na tsakuwa guda ne. Bar-su na gaba, hancinshi a ƙasa. In ya tsaya cik ya ja da baya, ni ma sai in tsaya in duba. Amma shi ma a duba shi. Sau biyu ya ɗaga ƙafa yana ɗingishi, na zauna na cire mashi ƙaya daga tsakanin yatsu. Na kuma cire kaska 4 daga kunnenshi. Lokacin bazara ba ni bi da shi nan da rana tsaka, don dutsin na ƙona tafin ƙafarshi, kuma kare ba ya zufa kamar mutum, da haki yake fidda zafi.

Rabin gangare akwai wani dutsi mai faɗi inda kowa ke hutawa. Daga nan ana ganin kwarin Majiya gaba ɗaya. Ga gulbin a bushe yana tafiya kudu, shi ne ke bi ta ƙasar Galmi da ta Ƙonni har ya faɗa tafkin Kalmalo cikin Najeriya. Ga kuma layukan dogon yaro sun ratsa kwarin, ɗaya bayan ɗaya, kamar layukan littafin rubutu. A 1975 anka fara dasa su, ma'aikatan gandun daji na Buza da ƙungiyar CARE da mutanen kwarin, kuma wajen Garadume anka soma. Layi biyu-biyu ne, tsakanin wannan da wancan mita 100. Kafin 1990 an dasa fiye da kilomita 400. Dalili, iska ce ke kwashe ƙasa, tana binne shuka, har manomi ya yi shuka sau uku. Da itatuwan sunka girma anka auna, anka ga hatsin da ke tsakaninsu ya fi na fili. Iyayenmu sunka dasa, mu muna shan inuwa. Sai dai daga bisa dutsin nan ana ganin giɓi cikin layukan, kamar bakin tsoho. Wannan zance ne na wani wata.

Ƙauye na biyu yana gindin dutsi. Ba zan faɗi sunanshi ba, don abin da ya same su yana iya samun kowa.

Tun kafin in kai ga masallaci na ga maza sun miƙe daga bisa tabarma, wani da sanda, wani da gatari. Wani ya ɗaga murya: "Kai mai kare, tsaya nan!" Na tsaya, na taƙaita igiya, Bar-su ya zauna jikin ƙafata. Na yi sallama. Maigari ya san ni, don ƙanenshi ya yi karatu wurina. Ya ce, "Malam, kada ka ga laifinmu. Yau kwana 4 wani baƙon kare ya shigo mana da hantsi. Ba ya haushi, ba ya gudun mutum, miyau na zuba. Ya ciji awaki 2, ya yi faɗa da karnukan gari, ya kama wata yarinya a hannu tana dawowa daga rijiya. Samari sun kashe shi sun jefa a kwazazzabo. Tun ranar duk karen da ba mu sani ba, ba ya wucewa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, kuna da gaskiya." Na fiddo takarda na miƙa. Ƙanen maigari ya karɓa ya karanta da ƙarfi, a hankali, yana bi da yatsa: sunan kare, launinshi, ranar da anka yi allura, da hatimin ma'aikacin kiwo. Wata 5 ke nan. Sanduna sunka sauka. Anka shimfiɗa mani tabarma, anka kawo fura. Ni kuwa furar ba ta shiga ba, don hankalina na wurin yarinyar.

Anka kira ubanta, ya zo da ita. Shekarunta 7. Ya kwance tsumma ya nuna mani: haƙora huɗu a damtse, sun fara bushewa. Ya ce an yanki gashin karen an ƙona an shafa mata tokar, an kuma yi mata rubutu ta sha. Ya ce, "Ka gani, Malam, ta warke. Ko zazzaɓi ba ta yi ba."

Jama'a, a nan ne nike son ku buɗe kunne, don wannan kalma ta "ta warke" ita ke kashe mutane. Haukan kare ba ya zama cikin miki. Ƙwayar cutar na cikin miyan kare. In ta shiga ta wurin cizo, sai ta kama jijiya, tana tafiya sannu-sannu zuwa ƙwaƙwalwa. Fata na rufewa, yaro na wasa, ana cewa an tsira, ita kuwa tana hanya. Yawanci tana ɗaukar wata 2 zuwa 3, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. In cizon na kusa da kai, a fuska ko a wuya, ta fi saurin isa. Ranar da ta isa, mutum zai fara zazzaɓi, wurin cizon na ƙaiƙayi ko zafi, sai firgita, sai ya ga ruwa yana so ya kasa haɗiya. Daga nan babu magani, ko a Yamai ko a Faransa. Maganin duka yana cikin kwanakin nan da ake ganin kamar babu komi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ciwon nan na kashe mutum wajen 59.000 kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya. Cikin 10 da ake cizo, 4 yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Kuma kusan duka daga kare ne. Allurar kuwa ba sabuwa ba ce. Tun 1885 wani masani na Faransa, Luwi Pastor, ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 da mahaukacin kare ya ciza, yaron ya rayu har ya tsufa.

Na ce wa uban, "Yaya, rubutu a ci gaba da sha, ban hana ba. Amma yau ɗin nan a kai ta likita." Ya sunkuyar da kai. Ya ce albasarshi na son ruwa safe da marece, ba ya da mai kama mashi, kuma kuɗin da ke hannunshi na man inji ne. Ban ga laifinshi ba. Allurar ba ta da arha, ba kuma kowane ƙaramin gidan likita ke aje ta ba, don sai cikin sanyi take zama. Sau da yawa sai an tura mutum babban asibiti. Kuma ba guda ba ce, ana komawa sau 3 ko 4, bisa ranakun da likita ya rubuta. Ga talaka wannan dutsi ne babba. Amma albasa in ta bushe ana sake dashe baɗi.

Maigari ya yi shiru, can ya cire hularshi ya aje bisa tabarma, ya jefa jika biyu a ciki. Liman ya sa nashi. Hula ta kewaya. Wani saurayi ya ce shi zai yi ban ruwan kwana biyu. Wani ya tafi tada moto. Ni kuma na yagi takarda na rubuta ranar cizo, da wurin cizo, da yadda karen ya yi, da cewa an kashe shi, don likita ya gani ko uban ya manta wani abu. Kafin su tashi na sa uwar ta wanke hannun da sabulu, ko da yake an makara.

Wankin nan shi ne abu na fari, kuma ba ya son ko dala. Duk wanda kare ya ciza ko ya yakusa, nan take a wanke wurin da ruwa da sabulu, ana zuba ruwa ana cuɗawa, har minti 15. Minti 15 na da tsawo, ya kai a dama fura a sha. Kada a gaji. Kada a sa toka, ko barkono, ko ƙasa, kada a ɗaure da tsumma tamau. Daga nan sai likita, ranar nan, ba gobe ba.

Sa'an nan munka koma kan karnukan gari. In karen da ya yi cizo na gida ne, an san mai shi, kada a yi saurin kashe shi. A ɗaure shi wuri guda, a ba shi ci da sha, a kira ma'aikacin kiwo ya duba shi har mako biyu. In yana da ciwon har ya zuba shi cikin miyau, ba ya wuce kwana 10 bai nuna ba. Amma ba a jiran kare kafin a kai mutum likita, ana yin duka biyu tare. Wanda anka riga anka kashe, kada yara su taɓa shi, a binne da zurfi. Karnukan da ya yi faɗa da su da awakin da ya ciza, su ma suna iya kamuwa. Na roƙi maigari a ɗaure su, a gaya wa ma'aikacin kiwo, kuma kada wani ya yi wayo ya kai akuyar kasuwa. Ku san kuma ba kowane mahaukacin kare ke hargowa ba. Wani sai ya yi laƙwas, muƙamuƙi ya saki, kamar ƙashi ya maƙale mashi a wuya. Mai shi ya sa hannu zai cire, shi ke nan ya ɗauka.

Wani dattijo ya ce shi a ganinshi a sa guba a kashe karnukan garin duka a huta. Na ce, "Baba, an sha yin haka wurare da yawa." Guba na kashe angulu da kaji, wani lokaci har yaro ya tsinta. Bayan wata kaɗan kuma dila ya dami awaki, ɓarayi su dami rumbu, kowa ya je ya samo ɗan kwikwiyo, a koma gidan jiya. Abin da likitocin dabbobi sunka tabbatar shi ne, in an yi wa kare 7 cikin 10 allura, ciwon ba ya samun hanyar yawo. Maƙwabtanmu na Cadi sun gwada a Injamena a 2012 da 2013, sunka bi unguwa-unguwa suna yi wa karnuka kyauta, ciwon ya ɗauke daga birnin na tsawon watanni, sai da karnukan waje sunka sake shigo da shi. Ɗan kwikwiyo daga wata 3 ana yi mashi, sa'an nan a riƙa sabuntawa kowace shekara. Kuɗin allurar kare guda bai kama ƙafar kuɗin allurar mutum guda ba.

Ni dai ra'ayina, laifin ba na kare ba ne, ba kuma na gwamnati kaɗai ba. Muna kai shanu da awaki wurin allura don suna da kuɗi a kasuwa. Kare ba a sayar da shi, shi ya sa babu mai ja shi zuwa ko'ina. Amma saniya ba ta kwana ƙofar ɗakin yara.

Rana ta take tsaka kafin in bar garin. Saura tafiya cikin kwari, kuma ita ce mai daɗi. Ƙasa baƙa mai laushi, inuwar dogon yaro kowane mita 100, iskar da ta dame mu bisa dabagi nan sai kaɗa ganye take. Ko'ina ƙarar injin ban ruwa da warin albasa. Irin jar albasar nan ce ta Galmi da manyan motoci ke kaiwa har Akara da Abijan. Cikin garake ban saki Bar-su ba ko sau guda, don kare guda na iya tattake fangali goma yana bin ƙadangare. Wani mai garka ya ba ni tumatir, ya jefa wa Bar-su ragowar dafa-dukar da ta sha albasa. Na gode mashi na hana. Da yawa ba su sani ba, albasa in ta yi yawa tana lalata jinin kare, ɗanya ko dafaffa. Haka kuma mahauta su bar jefa wa karnuka huhu da hanta masu ƙullutun ruwa. Daga nan kare ke ɗaukar tsutsa, ya zuba ta cikin ciyawa, ta koma ga tumaki, har ga mutane.

Munka shiga Garadume bayan la'asar. Abokin aikina ya ce ya ɗauka kura ta cinye mu. Na ba shi littattafanshi, Bar-su ya sha ruwa ya miƙe ƙarƙashin amalanke, bai motsa ba sai da safe.

Da dare na ba ɗalibanshi labarin, munka maida shi lissafi a allo: in gari na da kare 10, a yi wa 7. In yana da 20 fa? In 30? Munka shirya kowane ɗalibi ya ƙidaya karnukan unguwarsu, gida-gida, ya rubuta sunan mai shi. Nawa ɗaliban ma na ba su wannan aiki da na koma.

Bayan mako guda ƙanen maigari ya aiko mani da takarda da hannunshi. Yarinyar ta samu allura biyu, an rubuta masu ranar komawa. Akuya guda cikin biyun tana nan ɗaure, ɗayar mai ita ya ce ta ɓace, Allah ya sa gaskiya ne. Sun ƙidaya karnukan garin sun samu 23, ke nan sai an yi wa 17 aƙalla. Maigari ya sa hannu ga takardar roƙo zuwa ga ma'aikatan kiwo, su sa masu rana. Ƙauyukan da ke tsakanin dabagi da kwari, wanda ke son a haɗa da shi ya kai lissafin karnukanshi makarantar manya mafi kusa kafin ƙarshen wata. In amsa ta zo, za ku ji ta a wannan fili.